Kafin a ƙirga masu tebur, a duba kayen bashin da ke mangaza

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da abokan aikinka, da fatan kowa na lafiya. Ka yi haƙuri da tsawon wasiƙar ga, maganar ce ta daɗe tana ci na.

Kwanakin ga duk inda ka kunna rediyo, ko ka ji labarin tarukan da ake yi a otel-otel na Yamai, zancen ɗaya ne, wai sai an shigo da ƙananan ƴan kasuwa cikin tsari, masu tebur da masu butik na unguwa da mata masu tuya da teloli da makanikai da ƴan kabu-kabu, a tattara bayanansu a zuba cikin kwamfuta a san su wane ne, mi suke saidawa, nawa suke samu, daga nan sai banki ya san su, gwamnati ta san su, manyan kamfanoni su san su. Ni ban ƙi ba ko kaɗan. Aikina kenan ma, ni ke riƙe da lissafin mangazar wani babban ɗan kasuwa a nan Tawa, shinkafa da mai da sukari da taliya da sabulu da madara, irin kayan da ƴan tebur ke ɗauka su kasa. Abin da ke damuna shi ne yadda masu maganar ke yi kamar mutanen nan ba su da tarihi, kamar sai an turo yara da tablet sun zagaya kasuwa sannan za a fara sanin su. Wallahi bayanan suna nan tuni, a rubuce, sai dai mai su ba ya cin moriyarsu.

Duk mangazar da ta amsa sunanta a kasuwar Tawa ko Ƙonni ko Madawa ko Katako ta Yamai tana da kayen bashi, wato littafin da ake rubuta bashin kaya. Kowane mai ɗaukar kaya da shafinsa, ran kaza ya ɗauki katan kaza na taliya da bido kaza na mai, ran kaza ya kawo jika kaza, saura kaza. Daga wannan kaye kaɗai ni na san wanda ba ya ƙetare yammacin Lahadi, ranar kasuwarmu, bai kawo kuɗi ba. Na san wanda cinikinsa ke faɗuwa da damina saboda mutanen ƙauyensa duk sun koma gona babu kuɗi a hannu sai kaka, na san wanda ke ninka ɗauka in azumi ya ƙarato, na san matar da ke ɗaukar rabin buhun fulawa kullum da asuba ta biya da la'asar kuma ba ta taɓa cewa a yi mata haƙuri ba. Har wanda ƙanensa ke cirani a Abijan ko Libiya yake turo mashi jari lokaci-lokaci, kaye ya nuna, don za ka ga rana ɗaya ya share bashinsa duka. Alhaji mai mangazar ba ya tambayar kowa takardar fili kafin ya ba shi kayan jika 300 ko 500, shafin yake cewa in buɗe mashi, ya duba, ya ce a ba shi ko a rage. Mi banki ke nema in ba wannan ba?

To amma bari wannan mutumen da ya shekara da shekaru yana biya ba fashi ya sa rigarsa mai kyau ya shiga banki neman rancen miliyan ɗaya. Za a ce ina RCCM, wato takardar rajistar kasuwanci, ina NIF, wato lambar mai biyan haraji, ina lissafin shekarun baya da kontabul ya sa wa hannu, ina garanti, takardar fili ko gida. Ba shi da ko ɗaya, gidan da yake ciki na gado ne ba a raba ba. Sai ya fito kamar wanda ya fara kasuwa jiya, duk amanar da ya tara ta tsaya a bakin ƙofar mangazarmu. In Alhaji ya rasu magada sunka raba dukiya, ko sunka samu saɓani da shi, shi kenan an rufe shafin. Kuma bari in faɗi wadda abokan aikina ba za su so ba, wasu manyan ƴan kasuwa haka suke so abin ya zauna, don wanda babu mai ba shi bashi sai kai ba ya iya yi maka gardamar farashi.

Kuma ba kayen mangaza kaɗai ba. Dubi resin Nita da Amana da Al Izza da ke cike da aljihun mutane, kowane da suna da lambar waya da rana da adadin kuɗi, mai butik a Abalak ko Cintabaraden ta nan yake turo mana kuɗin kaya mu loda mashi a mota. Tun bayan takunkumin da CEDEAO da UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, sunka sa wa ƙasar a 2023, lokacin da mutane ke kwana a layi bakin banki a ba su ɗan abin da anka ƙayyade, ciniki mai yawa ya koma ta waɗannan gidajen aika kuɗi, kuma ko da anka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024 da yawa ba su koma ba. Ga Airtel Money da Moov Money da Zamani Cash. Ga tiken kasuwa da ma'aikatan magajin gari ke yankawa kullum. Ga masu albasa na Galmi da Tamaske da Tsarnawa, duk buhun da ya hau kamyo zuwa Gana ko Kodebuwa akwai dillalin da ya ƙirga shi. Ga uwar adashe da littafinta. Ga ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda CARE ta fara da su a jihar Maraɗi a 1991 har tsarin ya bazu ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, matan da yawancinsu ba su yi lakol ba amma suna riƙe lissafin zubi da rance na shekaru ba tare da dala ta ɓata ba. Duk da haka binciken Bankin Duniya kan masu asusu yana sa Nijar a ƙasan jeri, ko kashi 20 cikin 100 na manya ba su kai ba. Kuɗi na yawo, shaida na taruwa, amma a takarda mu mutane ne marasa tarihi.

Yana da kyau a ga yadda irin wagga magana ta kaya a Afirka ta Kudu. Suna da manyan unguwannin baƙar fata a gefen birane, irin su Soweto kusa da Johannesburg, da mulkin wariya ya kafa, kuma cikinsu akwai dubban ƙananan shagunan cikin gida da suke kira spaza, kusan butik ɗinmu na unguwa ne, da yawa ma baƙi ke riƙe da su, ƴan Somaliya da Habasha da Bangaladash. An bi hanya biyu da su. Ta farko, kamfanoni irin su Yoco sunka riƙa saida wa ƙananan ƴan kasuwa ƴar na'urar karɓar kuɗi da kati, na'urar na rubuta duk cinikin da ya bi ta cikinta, bayan wasu watanni kamfanin ya duba ya ce wane, bisa ga cinikinka za mu iya ba ka jari kaza, kuma biyan ana cire wani kaso ne daga cinikin kowace rana, ranar da kasuwa ta yi sanyi abin da ake cira ya ragu. Ba a ce ya kawo takardar gida ba. Ta biyu kuma ta zo da tashin hankali, a Oktoban 2024 yara shida sunka mutu a unguwar Naledi ta Soweto bayan cin kayan ƙwalama da maganin ƙwari ya gurɓata, waɗanda anka ce a spaza sunka saye su, sai a Nuwamba shugaba Ramaphosa ya ba duk masu spaza kwana 21 su yi rajista ko a rufe su. Layi ya yi tsawo, takardun da ake nema da yawa ba su da su, dole anka ƙara wa'adi zuwa ƙarshen Fabrairun 2025, daga baya kuma gwamnati ta ƙaddamar da asusun tallafi na rand miliyan 500. Ban ce ba a yi daidai ba da anka tashi tsaye kan abincin da ke kashe yara, amma kowa ya ga bambanci tsakanin rubutun da mutum ke kai kansa saboda akwai abin da zai samu da wanda ake kora shi da sanda.

Wanda ya fi kama da halinmu ma shi ne na Kenya da ake kira Jaza Duka, da Unilever da Mastercard da bankin KCB sunka haɗa a shekarun 2017 da 2018. Ba wani sabon ƙirge anka yi ba, tarihin sayen kayan da mai shago ya yi wajen dilan Unilever anka ɗauka anka miƙa wa banki da yardarsa, banki ya buɗe mashi bashin kaya ta waya. Kayenmu kenan, sai dai su sun bari ya fita daga mangaza ya bi mai shi.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Ka tsaya gaban mai tebur da biro da takarda ka tambaye shi nawa kake samu a rana, zai ce maka Alhamdu lillahi, ana dai lallaɓawa. Ka matsa ya raba gaskiyar gida huɗu ya ba ka kashi ɗaya. Ba don maƙaryaci ne ba, a saninsa duk wanda ya taɓa zuwa ya rubuta sunansa, abin da ya biyo baya takardar lampo ce ko sanarwar tashi, mutanen Yamai ba su manta rusau ɗin kiyos-kiyos na 2016 ba. Kaza ma in ta ga tsaba a hannu ɗaya wuƙa a ɗayan ba ta matsowa. Kuma a daina cewa mutanen nan ba su biyan komi, wannan magana tana ɓata mani rai in na ji ta a bakin masu karatu. Mu ƙaddara tiken dala 20 ne a rana, wato sefa 100, in ya fito kwana 300 a shekara jika 30 kenan, ban da patanti, wato harajin sana'a, ban da TVA, harajin da ake ɗorawa kan kaya, na kashi 19 da ke cikin kusan duk katan ɗin da ya saya wanda shi ba ya iya cirewa kamar yadda babban kamfani ke yi, ban da kuɗin duwan da ke cikin farashin tun daga kan iyaka. Yana biya, shaidar ce ba ta ɗauke da sunansa, tiken ma ƙarshenta a ƙunsa gyaɗa da shi. A Gana sun gwada ɗora haraji kan tura kuɗi ta waya a 2022, kashi 1.5 cikin 100, mutane da dama sunka koma riƙe tsaba, anka rage zuwa kashi 1, a 2025 anka soke shi gaba ɗaya. Ranar da mutanenmu sunka ji ƙishin-ƙishin cewa ana leƙa MyNita ko Amanata don a yanka masu lampo, washegari kowa zai koma ɗaure kuɗi a lalita ya ba direba, kuma bayanan da ake ta kwaɗayi sai su bushe.

Rajista ita kaɗai kuma ba ta sa ciniki ya ƙaru, wannan an auna an gani. Tun 2010 dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar ke cikin ƙasashenta 17, ta kawo matsayi na musamman don ƙaramin mai sana'a, wanda zai bayyana kansa kawai ba tare da wahalar kafa kamfani ba. Maƙwabtanmu na Benin sun gwada shi a Kwatano tare da Bankin Duniya tsakanin 2014 da 2016 kan ƴan kasuwa sama da 3,000, rajistar kyauta, an bi mutane har shago an yi masu bayani, wasu an ƙara masu horo da taimakon buɗe asusu da sasanci da ofishin haraji. Waɗanda anka yi wa duk wannan gatan ma ƙarin da anka samu na masu rajista bai wuce kashi 16 da ɗoriya ba, kuma waɗanda sunka yi ɗin ba a ga cinikinsu ko ribarsu ta tashi a shekarun farko ba. Mu ma muna da Maison de l'Entreprise, ofishin rajistar kamfanoni, an sauƙaƙa kafa kamfani ƙwarai in aka kwatanta da da, ƴan kwanaki ka samu takardunka, madalla. Amma tambayar mai tebur tana nan, in na samu NIF ɗin sai mi?

Alhali in bayani na da amfani ba sai an roƙi mutanenmu ba. Wata mai bincike Ba'amurkiya, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006 lokacin da rezo ke shiga gari-gari, ta samu cewa tazarar farashi tsakanin kasuwanni ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, don kawai ɗan kasuwa na iya bugawa ya ji nawa tiya take a can kafin ya ɗauki mota. Babu poroje da ya koya masu, babu atalye babu perdiyam. A nan jihar Tawa kuma, a yunwar 2010, ƙungiyar Concern ta raba tallafi a ƙauyuka 96, wasu a hannu wasu ta Zap, tsarin tura kuɗi ta waya na wancan lokacin, anka ga matan da sunka karɓa ta waya sun huta da doguwar tafiya da jiran layi kuma abincin gidansu ya fi bambanta. Yau manoma na tura wa RECA, cibiyar majalisun manoma ta ƙasa, hoton ganyen da ƙwari sunka ci ta WhatsApp a amsa masu da murya cikin Hausa ko Zabarmanci. Su wa ke cewa ba mu waye da waya ba?

Abin da nike roƙo shi ne a fara daga inda amana take. A samu hanyar da duk biyan da mai tebur ya yi wa mangaza zai fito da resi mai sunansa da lambar wayarsa, saƙo ya shigo mashi, kuma tarin waɗannan resin ya zama nasa, in ya ga dama ya nuna wa banki ko asusun bashi ko wata mangazar da ta fi sauƙin farashi, in bai ga dama ba ya bar abinsa. Tiken kasuwa ma haka, a ɗaura shi da lambar mai biya, shi ya samu shaidar cewa ya shekara kaza a wannan gurbin yana biya, magajin gari kuma ya san abin da ya shigo da gaske, don kowa ya san ba duk abin da anka yanka ke isa asusu ba. Wurin ajiyar ma akwai shi, tun 2016 ƙasashen UEMOA ke da ofishin tattara tarihin bashi da BCEAO, babban bankin ƙasashen, ta ba kamfanin Creditinfo lasisinsa, bankuna da asusun bashi na zuba bayanai ciki da yardar mai asusu. Sai dai bashin kayan da mai tebur ke ɗauka a mangaza babu shi a ciki, wato ƙofar a buɗe take ga wanda ya riga ya shiga. Mi zai hana Chambre de Commerce, wato majalisar kasuwanci, da ƙungiyoyin ƴan kasuwa su zauna da BCEAO a duba yadda bashin kaya na mangaza da littafin ƙungiyoyin mata za su samu shiga? Kuma a rubuta a doka, baƙi da fari, cewa na wasu shekaru DGI, hukumar haraji, ba za ta ɗauki waɗannan bayanan ta yanka wa mutum lampo ko ta bi shi bashin baya ba, ya ci gaba da biyan ɗan harajinsa na dunƙule kamar yadda ya saba. Ni ba maƙiyin haraji ba ne, ƙasar da ta ce za ta tsaya da ƙafarta dole ta tara na cikin gida, amma wanda jarinsa ya tashi daga jika 200 zuwa miliyan 2 shi da kansa zai nemi NIF don kasuwar da zai shiga ba ta yiwuwa sai da shi.

Nan ma ne ainihin shigowa cikin tsarin da ake magana. Ofis ko babban kamfani ko ƙungiyar agaji in za su sayi kaya sai da faktir mai NIF, yanzu ma har da shaidar na'urar DGI, don haka telan da ya iya ɗinki ba ya samun kwangilar kayan ƴan lakol, matan da ke yin cuku ko ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ba su kai wa kantin cin abincin makaranta, sai wani mai jaka da tambari wanda bai taɓa riƙe almakashi ba ya karɓi kwangilar ya kawo masu a rabin kuɗi. Da akwai rajistar masu sana'a ta kowace komin, mai nuna wa ke yin mi kuma nawa yake iya fitarwa a wata, aka ce ƙananan sayayyar gwamnati wani kaso nasu ne ta hannun ƙungiyarsu mai NIF guda, kuma a biya su cikin lokaci ba sai sun yi ta safa da marwa a Tirezor ba, ai sai an sa mai gadi saboda layin masu son a rubuta su.

Akwai haɗari, ba na ɓoye shi. A Kenya ɗin dai, da rancen waya ya yawaita bayan M-Shwari ta fito a 2012, mutane masu ɗimbin yawa sunka tsinci sunansu a baƙin littafi kan bashin da bai taka kara ya karya ba, har sai da babban bankinsu ya hana sa sunan mutum kan abin da bai kai shilin 1,000 ba a 2020. Kwamfuta ba ta san uzuri ba. Alhaji ya san cewa wane ya makara ne saboda matarsa ta haihu da tiyata, ko kayansa sun maƙale a ayarin da ke biyowa ta Lome da Burkina lokacin da gadar Gaya ta kan iyakar Benin ke rufe, sai ya ɗaga mashi ƙafa. In za a gina tsarin a gina shi da kalandarmu, a san akwai damina, akwai watannin da rumbu ke ƙarewa, akwai lokacin da albasa ke faɗuwa warwas a kakarta sannan ta yi tsada bayan wata huɗu ko biyar, kuma mutum ya samu inda zai je ya ce wannan da kunka rubuta a kaina ba haka ba ne a gyara. Muna da dokar kare bayanan mutane tun 2017, muna da hukumar HAPDP mai kula da ita, amma ban ga mai tebur ɗin da ya san da zamanta ba, ya kamata ta fito rediyo da harsunanmu ta gaya wa mutane cewa babu mai ikon saida lambarsu da tarihin cinikinsu ba da izininsu ba. Kuma izinin ya zama na gaske, a ƙasar da manyan da ke iya karatu ba su kai 4 cikin 10 ba, dangwala yatsa a ƙasan shafi uku na Faransanci ba yarda ba ce, a karanta mashi da murya ya ji ya amsa.

Sai maganar ruwa, wadda masu zuwa daga waje ke yawan raina wa. Da yawa daga cikin mutanen kirkin da ke kayena ko an kai masu rancen har gida ba za su karɓa ba in da riba a kai, balle asusun bashi da doka ta yarje masu har kashi 24 cikin 100 a shekara. Bashin kaya shi sunka sani kuma shi hankalinsu ya kwanta da shi. Bankin Musulunci na Nijar da sauran masu tagar murabaha su ya kamata su fara rugowa, su sayi kayan su saida mashi da ribar da anka yi ciniki a kanta tun farko, ya biya kashi-kashi. Manomanmu ma sun daɗe da sanin ajiye hatsi a mangaza mai kwaɗo biyu a karɓi rance a kansa, ba sabon abu ba ne a ce abin da kake da shi ya tsaya maka.

In kuma lalle sai an zagaya an ƙirga, to kar a kawo mana baƙi su yi sati biyu su tafi da bayanan a jaka mu ji labarinsu a wani rahoto. Ga ɗaliban tattalin arziki na Jami'ar Djibo Hamani a nan Tawa, ƴaƴan masu teburin ne da yawansu, ga INS, hukumar ƙididdiga ta ƙasa, da aikinta kenan, ga sarakunan kasuwa da shugabannin layi-layi da kowa ya sani. A haɗa da mata masu ƙirga, don sana'ar da ake yi cikin gida, ta fura da taliyar hannu da turare da kitso, namiji ba ya ganinta daga bakin zaure. Kuma in an gama a dawo kasuwa a karanta mana sakamakon.

Malam Edita, roƙona gare ka shi ne ka tura ɗan jaridarka ya tambayi DGI kai tsaye ko za ta yarda da wancan sharaɗin na rashin taɓa bayanan na wasu shekaru, ya tambayi bankuna mi zai ishe su shaida in ba takardar fili ba, ya kuma zauna da manyan ƴan kasuwa ya ji ko za su saki shafin mutum in ya nema. Ni na yi wa Alhajina maganar, ya ce sai ya yi shawara da ƴan uwansa na kasuwa. In kun buga amsoshin zan karanta wa masu ɗaukar kaya a mangaza.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naka,
Mai riƙe da lissafi a babbar kasuwar Tawa